Gashin Ƙashi: Jinyar da Ake Yi Maka ko Wadda Kake Yi da Jikinka?

Duk wanda likita ya tura sashen gashin ƙashi, ko ya kai wani nasa can, zai tarar da hanyoyin jinya iri biyu suna tafiya a ɗaki guda. A gefe ɗaya ga majinyaci kwance a gado, an ɗora masa jakar ruwan ɗumi a ƙugu, ko an manna masa wayoyin lantarki a kafaɗa, ko kuma likita yana yi masa tausa. A ɗaya gefen ga wani yana tashi daga kujera yana komawa, yana hawa matakala yana sauka, yana jan roba mai tauri har gumi ya keto masa. Masu wannan sana'a suna raba aikinsu ne a kan wannan layi: akwai jinyar da ake yi wa mutum yana kwance, akwai kuma wadda shi yake yin aikin, likita yana tsara masa yana gyara masa. Kusan kowace cibiya tana haɗa biyun, amma rabon lokacin da take ba kowacce ya bambanta ƙwarai, kuma wannan rabon ne ya kamata majinyaci ya duba kafin ya zaɓi inda zai sa lokacinsa da kuɗinsa na makonni masu yawa.

Matsayina shi ne, a mafi yawan larurorin da ke kai mutane wannan sashe, wato ciwon baya da na wuya, amosanin gwiwa, raunin agara, da farfaɗowa bayan tiyata ko shanyewar ɓarin jiki, atisaye ne ya kamata ya zama jigon jinya, ɗumi da lantarki da tausa kuma su tsaya a matsayin masu share masa fage. Sai dai akwai larurorin da hannun likita ne yake warware su, kuma wanda ya ƙi wannan hannu don ya ji an ce motsa jiki ya fi komai zai cuci kansa. Kafin mutum ya tantance ɓangaren da ciwonsa ya faɗa, sai ya fahimci abubuwan da likitan gashin ƙashi yake aunawa a ranar farko, domin da su ake gane ko jinya tana aiki.

Na farko shi ne iyakar motsin gaɓa. Ana auna ta da wani ma'aunin kusurwa mai hannu biyu da ake kira goniyomita. Likita yakan ɗora cibiyarsa a gefen gwiwa, hannu ɗaya ya bi tsawon cinya yana nuna ƙugu, ɗayan ya bi ƙwauri yana nuna idon sawu, sannan ya karanta digirin da gwiwar ta lanƙwasa. Lafiyayyiyar gwiwa tana miƙewa sarai, ta kuma lanƙwasa zuwa wajen digiri 135. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana buƙatar wajen 60 zuwa 70, hawa matakala da tashi daga kujera kuwa sai an kai kusan 90. Ana yin awon sau biyu, sau ɗaya majinyaci ya motsa gaɓar da ƙarfinsa, sau ɗaya ya saki jiki likita ya motsa masa, kuma tazarar da ke tsakanin awon biyu tana faɗin abubuwa da yawa. Idan mutum ya kasa ɗaga hannunsa sama da kafaɗa, amma likita ya ɗaga masa shi har ƙarshe babu cikas, to gaɓar a sake take, matsalar tana ga tsoka, ko agara, ko jijiyar da ke kai wa tsokar saƙo. Idan kuwa hannun ya cije a wuri guda ko wane ne ya ɗaga shi, gaɓar ce ta sanƙare. Mutum na farko ƙarfi yake nema, kuma babu abin ɗumama jiki da zai ba shi ƙarfi, na biyu kuwa yana iya amfana da hannun likita.

Na biyu shi ne ƙarfin tsoka, wanda ake ba maki daga 0 zuwa 5 bisa ma'aunin da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta yaɗa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ake jinyar sojojin da jijiyoyinsu suka samu rauni. Maki 0 ko alamar motsi babu, maki 1 tsokar tana ɗan harbawa amma gaɓar ba ta motsa ba, maki 2 gaɓar tana motsi idan an ɗauke mata nauyi, misali a ja ƙafa a kan shimfiɗa, maki 3 tana iya ɗaga nauyin kanta, maki 4 tana jure turin hannun likita, maki 5 kuma cikakken ƙarfi ne. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne abin da mutum yake iya yi da jikinsa. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani tsari na duban lafiya da nakasa wanda ya raba al'amarin hawa uku: abin da ya samu matsala a jiki, aikin da mutum ya kasa yi, da harkokin rayuwar da ya daina shiga. Gwiwar da ba ta lanƙwasa matsala ce ta jiki, kasa hawa matakala matsala ce ta aiki, barin sana'a saboda haka kuwa shi ne hawa na uku. Jinyar kwance galibi raɗaɗi take taɓawa, atisaye kuma hawa na biyu da na uku yake nufa kai tsaye.

A cikin jinyar kwance, ɗumi ne ya fi yawa. Jakar ruwan ɗumi, fitilar gashi mai jan haske, da narkakken kakin da ake tsoma hannu a ciki, duk aiki ɗaya suke yi: suna ƙara gudun jini a fata da naman da ke kusa da ita, suna sassauta tsokar da ta ɗaure, suna rage raɗaɗi na ɗan lokaci. Minti 15 zuwa 20 ya wadatar. Ƙanƙara kuwa, idan an naɗe ta a tawul, tana kashe raɗaɗin sabon targaɗe. Likitan wasanni Gabe Mirkin, wanda a 1978 ya yaɗa ƙa'idar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga gaɓa, shi da kansa ya bayyana a 2014 cewa yawan ƙanƙara da dogon hutu suna iya jinkirta warkewa. Ɗumi da sanyi suna da sauƙi, suna da amfani, kuma mutum yana iya yin su a gida. Wannan ma dalili ne na kada a bar su su cinye rabin lokacin da aka ware don ganin likita.

Lantarki iri biyu ne, kuma mutane da yawa suna rikita su. Akwai na'urar TENS, wadda ke tura ƙaramar wuta ta fata har mutum ya ji wurin yana tsikara. Tushenta bayanin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka gabatar a 1965, cewa saƙon taɓi da ke shiga laka yana iya rage saƙon raɗaɗin da ke wucewa zuwa ƙwaƙwalwa, abin da ya sa mutum ke murza wurin da ya buge. Sauƙin da take bayarwa yakan tsaya ne a lokacin da take kunne da ɗan lokaci bayan an kashe ta. Akwai kuma wutar da ake ƙara wa ƙarfi har ta sa tsoka ta ɗaure da kanta. Wannan ta biyun tana da gurbi na gaske bayan tiyatar gwiwa, lokacin da kumburi da raɗaɗi suke hana tsokar gaban cinya amsa umarni, kuma ta fi aiki idan majinyaci yana ƙoƙarin matse tsokar a daidai lokacin da wutar ta shigo. Sai na'urar da ke tura igiyar sauti cikin nama, wadda ta bambanta da ta ɗaukar hoton ciki, da kuma gadon da ke jan ƙugu ko wuya da igiya da nauyi. Waɗannan biyun suna da kwarjini a ido, amma binciken da aka yi a kansu a ciwon baya bai nuna amfanin da ya kai kwarjinin ba.

Jinyar hannu ta fi na'urori daraja a wurina, domin hannun ƙwararre yana jinya yana kuma bincike a lokaci guda. Ta ƙunshi tausa, da lallaɓa gaɓa a hankali, wanda Geoffrey Maitland na Ostareliya ya kasa mataki huɗu, biyun farko masu taushi don rage raɗaɗi, biyun ƙarshe masu kaiwa bakin iyakar motsi don sassauta sanƙarewa, sannan da fizgar nan mai sauri da ke sa gaɓa ta yi ƙara. Ƙarar daga iskar da ke cikin ruwan gaɓa take fitowa, ba alama ce ta ƙashi ya koma mazauninsa ba, kuma duk wanda ya gaya wa majinyaci cewa ƙashin bayansa yana gocewa kowane mako sai an mayar masa, ya dasa masa tsoron da zai hana shi sunkuyawa. Abin da jinyar hannu ke bayarwa shi ne sa'o'i ko 'yan kwanaki na sauƙi da sakewar gaɓa. Idan aka yi atisaye a cikin wannan lokaci, ribar takan zauna, idan kuwa ba a yi ba, galibi jiki yakan koma inda yake.

Ba abin mamaki ba ne mutane suna son jinyar kwance. Tana da daɗi, ba ta neman komai daga mai ciwo, kuma mutum yana tashi daga gadon yana jin an yi masa wani abu. Ga cibiyar da majinyata suka yi wa yawa, ita ce hanya mafi sauƙi, domin ma'aikaci ɗaya yana iya sa mutum huɗu a kan na'urori huɗu a lokaci guda. Abin da ke damuna shi ne mutumin da ya shafe wata uku yana zuwa a ɗumama masa baya, yana samun sauƙin yini ɗaya, alhali tsokarsa tana ƙara ramewa, tsoron motsinsa yana ƙara girma, kuma ya fara yarda cewa lafiyarsa tana cikin wata na'ura da ba shi da ita a gida.

Hujjar atisaye ta ginu ne a kan wata ɗabi'a ta jiki: tsoka da ƙashi da agara da zuciya suna ƙarfafa gwargwadon nauyin da ake ɗora musu, suna kuma raunana da sauri idan an ɗauke shi. A 1966, a birnin Dalas na Amurka, an kwantar da samari biyar lafiyayyu a gado har mako uku. Iyawar jikinsu ta amfani da iskar shaƙa a lokacin aiki mai tsanani ta ragu da kimanin kashi 27 cikin ɗari. Da aka sake auna mutanen nan biyar bayan shekara 30, sai aka ga cewa makonni ukun nan na kwanciya sun fi shekaru talatin na tsufa yi wa ƙarfinsu illa. Daga ɗaya ɓangaren kuma, likitan sojan Amurka Thomas DeLorme ya nuna a 1945 cewa sojojin da suka ji rauni suna dawo da ƙarfin cinyarsu idan ana ƙara musu nauyin da suke ɗagawa mataki-mataki. Wannan ƙa'ida ta ƙara nauyi a hankali ita ce har yau ake gina shirin atisaye a kanta, kuma shirin da ya tsaya a nauyi ɗaya da adadi ɗaya tsawon wata biyu ya bar ƙa'idar.

Atisaye yana da matakai, saboda haka raunin mutum ba ya hana a fara. Wanda tsokarsa ke kan maki 1 ko 2 yana farawa da motsin da ake taimaka masa, likita ko lafiyayyen hannunsa ya ɗauki rabin nauyin. Wanda gaɓarsa ke cikin filasta, ko motsi ke tayar masa da raɗaɗi, yana matse tsokar ba tare da ya motsa gaɓar ba, misali ya danna bayan gwiwarsa a kan naɗaɗɗen tawul ya riƙe na daƙiƙa biyar zuwa goma. Daga nan sai motsi da nauyin jiki, sai roba ko ƙarfe, sai aikin da mutum yake son komawa. Akwai kuma atisayen da tsoka ke aiki tana miƙewa, irin na saukar da nauyi a hankali. A 1998 Håkan Alfredson na Suwidin ya wallafa shirin da ya shahara a ciwon agarar dunduniya: mutum ya tsaya da yatsun ƙafa a bakin matakala, ya saukar da dunduniya a hankali ƙasa da matakalar, sau 180 a yini, har mako 12. Ba kowa ke buƙatar wannan adadi ba, amma yana nuna irin haƙurin da agara ke nema.

Lokaci shi ne babban raunin wannan hanya. A makonnin farko ƙarin ƙarfin da mutum ke ji yawanci daga jijiyoyi ne, suna koyon kiran tsoka da kyau, girman tsokar kansa kuwa sai bayan mako shida zuwa takwas yake fara bayyana. Ciwon jikin da ke biyo bayan sabon atisaye yakan tsananta tsakanin yini ɗaya zuwa uku, kuma a nan ne mutane da yawa suke dainawa, suna zaton sun ƙara ji wa kansu rauni. Ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ita ce raɗaɗi matsakaici a lokacin atisaye ba laifi ba ne, muddin ya lafa zuwa washegari kuma ba ya ƙaruwa mako bayan mako. Rauni na biyu shi ne komai ya rataya a wuyan majinyaci. Takardar atisaye goma sha biyar da aka miƙa wa mutum ba tare da an gwada masa ba, ba ta fi jakar ruwan ɗumi amfani ba, domin a aljihu za ta ƙare. Atisaye uku ko huɗu da aka koya masa sosai, aka kalle shi yana yi, aka gyara masa tsayuwa, sun fi ta nesa.

A ciwon baya ne hujja ta fi fitowa fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da shi a 2020, kuma shi ne kan gaba a duniya wajen jawo nakasa. A kusan kashi 90 cikin ɗari ba a iya danganta shi da wata takamaimiyar cuta. Tun 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta ce kada a ba masu wannan ciwo jan ƙugu, ko igiyar sauti, ko TENS, ko ɗamarar baya, ta kuma ce jinyar hannu sai dai a cikin shirin da ya ƙunshi atisaye. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jagoran kan ciwon baya mai daɗewa, ta goyi bayan ilimantar da majinyaci da shirin motsa jiki, ta yarda da tausa da jinyar hannu, ta kuma ce kada a riƙa amfani da jan ƙugu da ɗamara a matsayin jinyar yau da kullum. A amosanin gwiwa ma haka abin yake: ƙarfafa cinya da tafiya, tare da rage ƙiba ga wanda yake da ita, su ne tushe, kuma tafiya daidai gwargwado ba ta cinye guringuntsi yadda mutane suke tsoro. Ga tsofaffi masu yawan faɗuwa, nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tantance shi, ta wallafa a 2019 ya nuna motsa jiki, musamman na daidaita tsayuwa, yana rage yawan faɗuwa da kimanin kashi 23 cikin ɗari, abin da babu wata na'urar kwance da take yi.

Shanyewar ɓarin jiki ta fi kowace larura buƙatar iyali su fahimci wannan bambanci, domin su ne suke tare da majinyaci mafi yawan sa'o'in yini. Matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwa tana sake tsara hanyoyinta ne ta maimaita aikin da ake son ta koya. Mafi yawan farfaɗowa takan faru a wata uku zuwa shida na farko, ko da yake ana iya ci gaba da samun ƙari bayan haka. Tausar hannun da ya shanye tana sanyaya rai, amma ba ta koya masa riƙe kofi. Abin da ke koya masa shi ne a ajiye kofin a gabansa a kan tebur, a tallafi gwiwar hannunsa, a bar shi ya miƙa, ya buɗe yatsu, ya kasa, ya sake, sau da yawa a yini, kuma mai jinya ya danne zuciyarsa kada ya miƙa masa. Edward Taub ya kai wannan tunani ƙarshe da hanyar da ake rufe lafiyayyen hannu na sa'o'i don a tilasta amfani da raunannen, wadda ke dacewa da waɗanda yatsunsu da wuyan hannunsu suka fara motsi. Sai dai gaggawa ma tana da iyaka. Wani bincike mai suna AVERT na 2015, wanda ya ƙunshi masu wannan larura sama da 2,000, ya gano cewa tayar da majinyaci da yawa a cikin sa'o'i 24 na farko ya rage yiwuwar samun kyakkyawan sakamako. Kuma kada a taɓa ɗaga majinyaci ta hanyar jan hannun da ya shanye, domin kafaɗar ba ta da tsokar da za ta kare ta.

Akwai wuraren da hannun likita ya fi kowane atisaye. Wani nau'in jiri mai tasowa idan mutum ya juya a gado yana faruwa ne saboda ƙananan tsakuwoyi na cikin kunne sun bar mazauninsu sun shiga wata kwana. Hanyar da likita John Epley ya tsara, inda ake juya kan majinyaci zuwa wurare kaɗan bi da bi, ana tsayawa wajen rabin minti a kowanne, takan kawar da shi a zama ɗaya ko biyu. Jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa ana gyara masa ita ne da hanyar Ignacio Ponseti, wato lanƙwasa ƙafar da hannu da sa filasta ana sauyawa kowane mako, sannan takalmin ƙarfe na shekaru. Majinyacin da ba ya cikin hayyacinsa sai an juya shi, an gyara masa kwanciya, an motsa masa gaɓoɓi, an taimaka wa ƙirjinsa ya fitar da majina. Kumburin hannu bayan tiyatar ciwon dajin nono yana buƙatar ɗauri na musamman. Kafaɗar da ta sanƙare, wadda ta fi kama masu ciwon suga kuma takan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku, ita tana tsakiya: a lokacin da raɗaɗi ya yi tsanani, tilasta mata motsi yana ƙara fusata ta, sai an lallaɓa, daga baya ne miƙewa da ƙarfafawa suke karɓar ragama.

Haɗa hanyoyin biyu bisa tsari tsohon abu ne a sana'ar. Cibiyar da Per Henrik Ling ya kafa a Sitokholm a 1813 tana koyar da motsa jiki tare da jinyar hannu, kuma ƙungiyar da ma'aikatan jinya huɗu suka kafa a Ingila a 1894, wadda ta zama uwar ƙungiyar likitocin gashin ƙashi ta Birtaniya, ta masu tausa ce tun farko. Misalin da ya fi koyarwa shi ne na Elizabeth Kenny, ma'aikaciyar jinya 'yar Ostareliya, a zamanin annobar shan inna. A lokacin da aka saba ɗaure gaɓoɓin yara a filasta da ƙarfe na watanni, ita tana naɗe su da ulu mai ɗumi don tsoka ta saki, sannan ta motsa gaɓar ta kuma sa yaron ya koyi motsa ta da kansa. Ta isa Amurka a 1940, aka buɗe cibiya da sunanta a Miniyafolis a 1942. Wannan jeri, ɗumi da farko motsi ya biyo baya, shi ne ya kamata majinyaci ya nema a kowane zama.

Kowace hanya tana da haɗarinta. Ɗumi yana ƙona fatar da ba ta ji, abin da ya fi shafar masu ciwon suga da waɗanda lakarsu ta samu rauni. Ba a sa lantarki ga mai na'urar daidaita bugun zuciya, ba a kuma tura igiyar sauti a kan cikin mai juna biyu ko wurin da ke da ciwon daji. Sharaɓar da ta kumbura ta yi zafi, musamman bayan tiyata ko doguwar kwanciya, tana iya zama gudan jini a jijiya, kuma tausa ta na iya tura gudan zuwa huhu. Atisaye kuwa yana bin umarnin likitan tiyata kan yawan nauyin da aka yarda a taka bayan karaya, kuma mai ciwon zuciya sai an tantance shi kafin a ƙara masa nauyi. Ciwon bayan da ya zo da kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi, da mutuwar ji a tsakanin cinyoyi, ko raunin ƙafa mai ƙaruwa, na asibitin gaggawa ne a ranar. Wanda ya zo da zazzaɓi ko ramar da ba a san dalilinta ba, shi ma sai likita ya fara bincikensa kafin a yi maganar gashi.

Zaman farko yakan nuna irin cibiyar da mutum ya shiga. Ya lura ko an tambaye shi abin da yake son komawa yi, ko an auna gaɓarsa da ƙarfinsa an rubuta, ko an gaya masa tsawon lokacin da ake sa ran jinyar za ta ɗauka, ko kuma an sa masa na'ura ne kafin a duba shi. Yana da haƙƙin ya tambayi amfanin kowace na'ura a ciwonsa da ranar da za a daina ta. Bayan zama huɗu zuwa shida ya nemi a sake awon, domin digirin gwiwa, yawan tashi daga kujera a cikin daƙiƙa 30, da nisan tafiya kafin raɗaɗi ya tsayar da shi, abubuwa ne da ba sa ɓoyuwa. Idan sauƙin da yake samu ba ya wuce yinin da aka yi masa gashi, kuma alƙaluman ba su motsa ba, lokaci ya yi da za a sauya tsari ko a koma wurin likitan da ya turo shi.

Wanda halinsa ko nisan wurinsa ba zai ba shi damar zuwa sau da yawa ba, ya fi kowa buƙatar ya karkata ga atisaye, domin jinyar kwance tana ƙarewa ne a ranar da aka daina zuwa. Gara ya ware zamansa, biyu a kusa da juna don ya koyi motsin daidai, sauran kuma duk bayan mako biyu ko uku don a sake auna shi a ƙara masa nauyi. Ya nemi a rubuta masa adadi da yawan kwanaki, a ɗauki bidiyonsa da wayarsa yana yin atisayen a gaban likita, a kuma gaya masa alamar da idan ya gani zai rage, da wadda idan ya gani zai dawo kafin ranar da aka sa masa.